Kafin A Miƙa Wa Yaron Bagudo Fensir, A Fara Ba Shi Kala

Duk shekara idan aka koma makaranta bayan dogon hutu, abu ɗaya ake gani a aji ɗaya na firamare, a cikin garin Bagudo ne ko a Illo, a Ka'oje ne ko a Zagga. Malam zai rubuta A, B, C manya-manya a allo, ya juyo ya ce kowa ya kwafa. Ga yaro ɗan shekara 6 wanda bai taɓa riƙe fensir ba sai yau. Zai damƙe shi da yatsu biyar, ya danna a takarda da iyakar ƙarfinsa, har bakin fensirin ya karye ko takardar ta huje. Harshe a waje, kafaɗa a ɗage, gwiwar hannu na lilo a iska. Kafin ya cika layi guda hannu ya gaji, ya ajiye fensir yana yarfe yatsu. Malam ya zagayo ya leƙa littafi, ya ga jagwalgwalo, ya yanke hukunci: yaron nan ba ya ja. In ranar ta zo da tsautsayi, har bulala ta shiga maganar.

Hukuncin nan zalunci ne, ko da malam bai yi nufin zalunci ba. An ɗaura wa maraƙi garma ne tun ƙafafunsa ba su yi ƙwari ba. Kan yaron lafiya lau yake. Hannunsa ne ba a shirya ba, shirya hannu kuwa aiki ne mai sanannun hanyoyi. Mafi arha a cikinsu, mafi sauƙi ga malamin da aji ya cika masa ya batse, ita ce a ba yaro zane da kala a ce ya shafa. Ita ce kuma aka fi rainawa, ana ce mata wasa.

Hannun mutum ƙasusuwa 27 gare shi, 8 daga ciki ƙanana ne da ke jere a wuyan hannu. Ranar da aka haifi jariri waɗannan 8 ɗin duk guringuntsi ne. Ɗaya bayan ɗaya suke zama ƙashi, na ƙarshensu sai yaro ya kai wajen shekara 10. Iko da hannu kuma daga sama yake gangarowa: kafaɗa tukuna, sai gwiwar hannu, sai wuyan hannu, yatsu su ne ƙarshe. Ɗan shekara ɗaya da rabi da dunƙulallen hannu yake riƙe abin zane, kafaɗarsa ce ke tuƙi. Ɗan shekara 2 zuwa 3 kife hannu yake yi, yatsu na kallon ƙasa. Wajen shekara 4 zai fara riƙo da yatsu uku, amma a sandare. Sai tsakanin 5 da 6 ne babban yatsa da manuni da na tsakiya ke fara juya fensir da kansu, gefen hannu na kwance a kan takarda. Wannan lissafin yaron da ke samun abin zane a gida ne. Wanda bai samu ba yakan faro daga baya, balle a jihar Kebbi, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaranta 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, adadin da ya fi na kowace jiha a lokacin. Tsumburewa ba a tsayi kaɗai take tsayawa ba, har sarrafa gaɓoɓi tana jinkirtawa.

Siffofin da yaro ke iya kwaikwaya su ma bi da bi suke zuwa. Masu duba girman yara sun daɗe da sanin cewa ɗan shekara 2 na iya jan layi a tsaye, ɗan 3 ya yi da'ira, ɗan 4 ya gitta layi kan layi, murabba'i ya biyo baya, alwatika kuwa sai wajen shekara 5, domin layin da ya karkace shi ya fi ba hannu da ido wuya. To a dubi harafin A da kyau. Layi biyu ne a karkace da ɗaya a kwance, wato ɗan'uwan alwatika. Harafin da ake fara ɗora wa yaro yana cikin mafiya wahalar rubutawa, shi da K da Ƙ da W da Y da Z, alhali ga L da T da H da I can suna jira, waɗanda ba su wuce layi a tsaye da layi a kwance ba. Jerin abacada na haddacewa ne. Hannu ba ta wannan jerin yake koyo ba.

A tsaya a kalli yarinya 'yar shekara 5 da aka ba zanen ƙwarya aka ce ta shafe ta da ruwan ɗorawa. Tafin hannunta na hagu na danne da takarda kada ta zame. Na dama na kai da komo, amma duk lokacin da ta iso bakin layi dole ta tsaya cak ta juya. Tsayawar nan ita ce rabin rubutu, don wanda bai iya tsayar da fensir inda ya so ba, ba zai rufe O ba, ba zai zauna a kan layin littafi ba. A tsakiyar ƙwaryar, inda fili yake, da wuyan hannu take aiki. Da ta zo lungu inda zanen ya tsuke sai ta sunkuya, jan ya gajarta, yatsu su karɓi aikin. In ta danna da ƙarfi kalar ta yi duhu ta yi dabbare-dabbare, in ta sassauta ta yi fari-fari; da idonta take ganin abin da nauyin hannunta ya haifar, ba wanda ya gaya mata. Za ta yi minti 10 ko 15 a haka ba ta ankara ba. Da kwafar harafi ce, da tuni ta fara kallon ƙofa. Ba ta kuma fargabar jan biron malama, don ba a cin ƙwarya gyara yadda ake cin harafi.

Masu horar da hannun yara suna da dabaru biyu da ba sa cin ko sisi. Ta farko, a karya kireyon. Guntun da bai fi gaɓar yatsa ba, ba yadda za a yi yaro ya damƙe shi a dunƙule, tilas ya kama shi da yatsu uku. Fakiti mai guda 12, in aka karya kowane gida uku, ya zama 36. Ta biyu, a manna takarda a bango yaro ya yi aikin a tsaye, domin hakan na ƙarfafa kafaɗa, yana kuma tanƙwara wuyan hannu yadda rubutu ke so. Ajin da ba shi da benci ai yana da bango.

A 2010 David Grissmer na Jami'ar Virginia da abokan aikinsa sun bi bayanan dubban yara a Amurka da Birtaniya, suka ga ƙwarewar yatsu da yaro ya shiga makaranta da ita tana haska yadda zai kasance a karatu da lissafi shekaru bayan nan. Binciken bai ce kala ce ke sa ƙoƙari ba, bai kuma kamata a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Amma ko ba bincike, dalilin a fili yake: yaron da duk hankalinsa ya tafi kan yadda zai juya fensir, ba abin da ya rage masa na tunanin abin da yake rubutawa. A makarantar da babu littattafan karatu, inda kwafa daga allo ita ce kusan dukkan darasi, mai jinkirin hannu kullum ana goge allo bai gama ba.

Iyaye da yawa ba su yarda da wannan magana ba, kuma suna da hujjarsu. Manomin da ya saki yaro daga gona ko kiwo, ya ɗinka yunifom ya sayi littafi, haruffa yake son gani. In yaro ya dawo da takarda an shafe ta da kore da ja, washegari uban na bakin ofishin hedimasta: "Malam, karatu munka kawo shi shi koya, ba zane-zane ba." Hedimasta kuma, don a zauna lafiya, sai ya ce wa malamar aji ta koma A, B, C. A makarantun kuɗi abin ya fi muni. Gasar burge iyaye ta sa ana ba 'yan shekara 3 aikin gida na rubuta lambobi shafi guda, uwa ko yaya ce ke kama hannun ta rubuta, kowa kuma ya sani.

Amsar da ta dace hedimasta ya ba uban nan tana cikin unguwarsu, a zauren makarantar allo. Ba a taɓa jin malamin allo ya miƙa wa kolo alƙalami ranar farko ba. Malam ne ke rubuta masa babbaƙu, shi kuma yana bi da yatsa ko tsinke yana faɗi, ya wuce zuwa farfaru, yana wanke allo yana shanyawa, yana kallon yadda manya ke fiƙe alƙalamin gamba da yadda ake dama tawada. Sai ya yi nisa ake sakar masa alƙalami ya rubuta wa kansa. Kaka da kakanni haka ake yi a ƙasar Gwandu da ƙasar Kabi, babu kuma uban da ya taɓa zuwa ya ce an ɓata wa ɗansa lokaci. Boko ce ta zo da gaggawa. Yaron Bagudo ma nauyinsa biyu ne, don da safe a boko hannunsa daga hagu zuwa dama yake tafiya, da yamma a makarantar allo daga dama zuwa hagu.

Sannan a tuna da ranar sauka. Allon da ɗalibi ke zaga dangi da shi, zayyana ce a kansa: murabba'ai da alwatika da da'irori an tsara su da baƙar tawada, an cike su da ja da ruwan ɗorawa da kore, kowane gida da launinsa, babu wanda ya tsallake layi. Shafa kala ke nan a matakinta na ƙoli, kuma da ita ake karrama wanda ya sauke Alƙur'ani. Zayyana ta kuma warware wata matsala da malamai ke jin nauyin faɗi, cewa akwai gidajen da ba sa son zanen abu mai rai. Ba sai an yi musu ba. Ga zanen hula, ga adon ƙwarya, ga saƙar faifai da tabarma, ga dagi, ga kwalekwale da masallaci da rumbu da zangarniyar shinkafa. Malami zai shekara yana zana wa yara abin shafawa bai zana ko ƙadangare ba.

Wadda ta mayar da dabarar shafa kala tsari a makarantar zamani likita ce 'yar Italiya, Maria Montessori. A watan Janairun 1907 ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, da 'ya'yan leburori waɗanda akasarin iyayensu ba su iya karatu ba. Ta raba rubutu gida biyu: sanin siffar harafi daban, iya riƙe alƙalami daban. Don na farko ta yanka haruffa da sanfefa, yara na shafawa da yatsa, domin ba ta da kuɗin da za a ƙera mata masu tsada. Don na biyu ta ba su farantan ƙarfe masu siffar da'ira da murabba'i da sauransu, yaro ya zagaye da fensir, sannan ya cike ciki da fensirin kala. Da fari jan yakan fita waje, a karkace, a hankali ya daidaita ya jeru. Yaran nan 'yan shekara 4 da 5 suka fara rubutu ba tare da an sa su cika shafi da harafi ɗaya ba. Yau sunanta na kan allunan makarantun masu hali a Abuja da Kano, alhali da 'ya'yan marasa hali ta faro.

Sai dai a yi hattara, don kala ma tana da masu sukarta, kuma ba jahilai ba ne. Viktor Lowenfeld, wanda ya yi hijira daga Ostiriya zuwa Amurka, ya fitar da littafi a 1947 da ya zama jagora ga malaman zane, ya kuma tsaya kai da fata wajen adawa da littattafan shafa kala. Hujjarsa ita ce yaron da ya saba cike zanen wani yakan daina yarda da nasa. A ce ya zana tsuntsu sai ya ce bai iya ba, ko ya kwaikwayo na littafi. A 2012 kuma Karin James ta Jami'ar Indiana da abokiyar aikinta Laura Engelhardt sun gwada yara 'yan shekara 5 da ba su fara karatu ba. Wasu haruffa yaran suka rubuta da hannunsu, wasu suka bi kan ɗigo-ɗigo, wasu suka danna a kwamfuta. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon haruffan, sassan da ke aikin karatu sun fi motsawa ga haruffan da yaro ya rubuta da kansa, duk da karkacewarsu.

Ke nan kala share fage ce, ba ta maye gurbin rubutu. Malamar da ta raba takardu ta koma kujera tana latsa waya har a tashi, raino take yi, shi ma ba mai kyau ba. Minti 15 zuwa 20 a rana sun isa. A fara da manyan siffofi masu kaurin layi, a riƙa tsuke su mako bayan mako. Yau a ba yaro zanen da zai cike, gobe farar takarda ya zana gidansu ko kasuwar garinsu ya shafa yadda ya ga dama. In ya sa wa kogin Kwara ja, a tambaye shi dalili kafin a gyara masa, mai yiwuwa da damina ya gan shi. Kada kuma a ba da maki.

Bagudo na da abin da ƙananan hukumomi da yawa ba su da shi: wani tsarin makaranta daban a ƙofar gida. Daga Tsamiya in aka tsallaka sai Segbana, daga Lolo hanya ta miƙa Malanville, duk a yankin Alibori na Jamhuriyar Benin. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, ana auratayya, ana cin kasuwa tare, amma makarantun can gadon Faransa ne. A tsarin Faransa horar da hannu darasi ne mai zaman kansa a ajin share fage. Yaro zai yi ta jan layuka a tsaye da a kwance, da ɗigo, da baka, da zobe, da shafa launi, kafin a haɗa su su zama harafi. Ɗan aji ɗaya da ƙaramin allo da alli yake zuwa, ya rubuta, ya ɗaga sama malam ya duba aji gaba ɗaya da kallo guda, ya goge ya sake. Kuskure ba ya zama a takarda yana kunyata shi. Littafin rubutunsu ma daban ne, ƙananan layuka ne a jere, milimita 2 tsakanin kowane biyu, don kowane harafi ya san iyakar tsayinsa. Duk wanda ya taɓa karɓar rasit ko wasiƙa daga hannun wanda ya yi makarantar can ya ga bambancin.

Ba wai can aljanna ce ba. Benin ta soke kuɗin makarantar share fage da firamare a 2006, amma Alibori na cikin yankunan da suka fi ƙarancin yara a makaranta a ƙasar, ajin share fage kuma ba kowane ƙauye ke da shi ba. Abin ɗauka shi ne ƙaramin allon nan, da matsayin da aka ba hannu a jadawalin darasi. Sakataren ilimi na Bagudo ba ya buƙatar tikitin jirgi kafin ya ga yadda ake yi.

Akwai kuma maganar harshe. Ƙaramar hukumar Bagudo, wadda ƙidayar 2006 ta ba sama da mutum 230,000, ba Hausawa kaɗai ke cikinta ba, akwai Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Bussawa. Yaron da ya taso a ruga ko a ƙauyen bakin kogi yana iya shiga aji ɗaya Hausarsa ba ta nuna ba, Turanci kuwa ko kalma. A kurmance yake yin makonnin farko. Shafa kala na cikin 'yan ayyukan da zai gane da kallo kawai, ya yi, a yaba masa tun ranar farko. Daga nan malama ta samu ƙofa: wannan ja ne, wannan kore, kwalekwalen nawa ne, wanne ya fi girma.

Kada kuma a ɗauka yaran karkara hannu sake suke zuwa. Yarinyar da ke tsince shinkafa, tana ɓarar gyaɗa, tana tsinkar zogale, tana 'yar carafke, tana koyon kitso a kan ƙanwarta, ta yi nisa a horon yatsu. Haka yaron da ke ƙera motar kara, yana gina shanun laka, yana taya babansa ɗinkin taru ko ɗaura ƙugiya. Abin da ya rage musu kaɗan ne: sabo da takarda da abin zane da iyakar layi. Wanda ya fi ban tausayi shi ne ɗan cikin gari da aka miƙa wa waya tun yana goye don ya yi shiru, yatsa ɗaya kawai ke aiki, yana shafar gilashi.

Bahago kuwa a ƙyale shi. Kusan mutum ɗaya cikin 10 a duniya haka aka halicce shi. Koya wa yaro ci da dama da karɓa da dama tarbiyya ce, wannan daban. Amma ƙwace fensir daga hagunsa ana buge masa yatsu ba ya haifar da kome sai mummunan rubutu da tsanar makaranta. A zaunar da shi a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabci, a karkata masa takarda, shi ke nan.

A takarda, Nijeriya ta gama yarda da duk wannan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC, jihohi na zuba nasu kason kafin su karɓa. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ƙara shekara guda kafin aji ɗaya, wato rabin aji, ta ce a koyar ta hanyar wasa, malami ɗaya ga yara 25. Amma a tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 5 kacal na tallafin ke zuwa wannan mataki, firamare 60, ƙaramar sakandare 35. Ga shi kuɗin ilimi a ƙasar nan gini ya fi so, domin a gaban gini ake yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Ba a ƙaddamar da kwalin kireyon. Sau da yawa rabin aji shi ne ɗakin da ya fi lalacewa, malamarsa kuma wadda aka rasa inda za a kai.

Kafin kwalin ya iso babu dalilin naɗe hannu. Garin kan iyaka ba ya rasa kwalayen kaya. A yanka su, malama ta zana siffa da gawayi, an samu takardar aiki. Bayan tsohuwar kalanda da takardun jarrabawar bara duk fili ne. Launi kuwa ba baƙo ba ne a nan: gawayi da ƙaro su ba da baƙi, zoɓo ya ba da ja, gangamau ruwan ɗorawa, ga shuni, ga jar ƙasa da farar ƙasa. Tsinken da aka tauna bakinsa irin na asuwaki ya isa buroshi. Abin kiyayewa shi ne kada a kawo ragowar fentin gini ko na mota, domin wasunsu na da dalma, yara kuma kome baki suke kaiwa.

Abin da ba a tsinta a kasuwa shi ne malamin da ya san me yake dubawa, wanda in ya ga yaro ya damƙe fensir zai gane matakin da yake, ya miƙa masa guntun kireyon maimakon tsawa. Wannan horo ne na 'yan kwanaki, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu kuma ita ta dace ta ɗauki nauyinsa, ga ɗalibanta da ga malaman da ke bakin aiki. Yi wa iyaye bayani kuwa aikin kwamitocin makarantu ne, inda limamai da masu unguwanni da iyaye mata ke zama, in da hali su je da allon zayyana a hannu.

Kebbi na da gwamnan da ba sai an yi masa dogon bayani ba. Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, malamin makaranta ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, kafin ya hau kujera a watan Mayun 2023. Roƙon ƙarami ne. A kasafin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, na gaba a sa kireyon da takarda da ƙananan alluna cikin kayan koyarwa na dole ga rabin aji da aji ɗaya. A saka minti 20 na aikin hannu a jadawalin kowace rana. A umarci hedimastoci kada a tilasta wa sabon ɗalibi kwafar haruffa a littafi a makonni shida na farko. A fara gwadawa a Bagudo, daga Tsamiya har Lolo, in shekara ta ƙare a ɗauko littattafan yaran a jera su da na wata ƙaramar hukuma, a bar iyaye su yi alƙalanci.